Ranar da Ruwan Kwari Ya Yi Shiru

Shekara ashirin da shida ke nan mutumin da ma'aikatan gandun daji ke kira Baba Jagora yana kai baƙi magangarar ruwa da ke can ƙarshen kwari. Tafiyar awa uku ce a ƙafa. Turbar tana bin gefen rafi tsakanin manyan duwatsu, a wasu wuraren ma sai mutum ya karkace kafaɗa kafin ya wuce. Baba dogo ne siriri, yana ɗan ɗingishi tun wata faɗuwa da ya yi a farkon aikinsa. Ba ya riƙe taswira. Rediyon hannu da ofis ya ba shi kuwa ba ya kamawa da zarar an shiga tsakanin duwatsun.

Da kunne yake aiki. A rabin hanya akwai wata tsohuwar gadar katako, daga nan ake fara jin rugugin ruwan. A kanta yakan tsayar da mutane ya ce kowa ya yi shiru na minti ɗaya. Baƙi suna ɗauka don su ji daɗin wurin ne, shi kuwa auna ruwan yake yi. In ƙarar ta yi kauri, an yi ruwan sama a kan tudu, sai a ɗaga ƙafa. In kuma babu ƙarar sam, to ƙasa da itatuwa sun zubo sun toshe rafin daga sama, ruwa yana taruwa a bayansu, kuma in ya ɓalle ba ya barin komai a turbar. Rafin ƙarƙashin gadar ba ya nuna alama da wuri, domin wasu ƙoramu biyu suna ƙara masa ruwa. Sau ɗaya Baba ya taɓa ganin haka, shekara goma sha tara baya. Mutum biyu ruwan ya tafi da su, ba a samu gawarsu ba sai bayan kwana tara.

Abin da ofis bai sani ba shi ne kunnen Baba yana mutuwa. Na dama ya tafi tun bara, na hagu yana bin sahu. A gida an sani. Matarsa ta koma zama ta hagunsa, 'yarsa kuma takan tsokane shi cewa yana jin an ce abinci ya sauka, amma ba ya jin an ce rufin ɗaki yana yoyo. Ta sha roƙonsa ya je asibiti, ya ƙi. Dokar gandun a fili take: jagoran da ya faɗi gwajin ji ba ya sake shiga kwari, gwajin kuma sai an kai ƙorafi ake yi wa mutum. Don haka ya koyi kallon leɓe da gyaɗa kai. A gadar kuwa fuskokin baƙi yake karantawa. In suka yi murmushi suka nuna gaba da yatsa, ya san ruwan yana nan.

Wata Talata da safe, a ƙarshen damina, ya tashi da mutum uku: wani malamin makaranta da matarsa, da sabuwar jami'ar gandun, wadda sati biyu ke nan da aka turo ta, kuma a hannunta duk wani ƙorafi kan jagorori yake bi. Dukansu uku sun ba da labari iri ɗaya daga baya. Sun ce hazo ya kwanta a kwarin bai ɗaga ba har ƙarfe goma. Biran da aka ce suna cika wani ɓaure kusa da gada babu ko ɗaya. Matar malamin ta ce ta lura babu kukan tsuntsu, amma ta yi shiru don kada mijinta ya yi mata dariya.

A gada Baba ya ce a yi shiru, aka yi. Ya dubi fuskokinsu. Babu murmushi, babu mai nuni. Sai dai babu wanda ya taɓa zuwa wurin a cikinsu, ba su san abin da ya kamata su ji ba, mai yiwuwa kuma gajiya ce kawai. Minti ɗaya ya wuce, na biyu, na uku. Malamin ya tambaya cikin raha ko addu'a Baba yake yi ko gyangyaɗi. Baba bai ji shi ba. Tunani ɗaya ne a ransa: ko dai ruwan ne ya yi shiru, ko kunnensa ne ya ƙarasa. Ba shi da hanyar rarrabewa sai ya tambaya, kuma a gaban wadda za ta rubuta.

Ya matso kusa da ita. “Ranki ya daɗe, kina jin ƙarar ruwa?”

Ta nuna rafin da ke ƙarƙashinsu.

“Ba wannan ba. Daga can gaba. Kamar babbar mota tana tafe daga nesa ba ta isowa.”

Ta dube shi sosai. “Baba, kai ba ka ji ne?”

“Na daina tun bara. Ki saurara mini, 'yata.”

Ta rufe ido ta daɗe. Daga ƙarshe ta girgiza kai. Sauran biyun ma suka ce ba sa jin komai sai rafin ƙarƙashinsu da ɗigar ruwa daga ganye.

Baba ya ce a zubar da jakunkuna a hau gangaren hagu. Malamin ya so ya yi gardama, matarsa ta ja hannunsa. Minti arba'in suka yi suna kama saiwa da ciyawa har suka kai wani faffaɗan dutse suka zauna. Kusan awa guda babu abin da ya faru. Kwarin yana ƙasa, fari fat da hazo, ko ganye ba ya motsi. Malamin ya fara ƙunƙuni cewa an wahalar da su a banza. 

Sai wata iska mai sanyi ta taso daga ƙasa, da warin ɗanyen laka. Baba ya ga mutum ukun sun toshe kunne a lokaci guda. Shi a cinyoyinsa ya ji, dutsen da yake zaune a kai yana rawa. Hazon ya tsage, ga ruwa ja jawur yana tafe da itatuwa har da saiwarsu. Da ya wuce, babu gada, babu jakunkuna, babu turba.

Jami'ar ta ce ta so ta rubuta ceton kawai ta bar sauran. Baba ne ya ce ta rubuta duka. An yi masa gwajin, ya faɗi. Yanzu a ƙofar gandun yake zama yana miƙa wa baƙi sanduna. Likita ya gaya wa 'yarsa cewa kunnen hagun ba zai wuce shekara guda yana ji ba. Abu ɗaya ya nema daga ofis: in an sake buɗe turbar, a kai shi gindin magangarar sau ɗaya, a matsayin baƙo, tun yana iya ji in ya matsa kusa. Takardar tana kan teburin shugaban gandun, ba a sa hannu ba tukuna.