Ihun Fadama a Gidan Suruki

Tsuntsaye ne suka hana ni karatu, kuma har yau ban yafe musu ba. Duk mai cewa tsuntsu ba ya da laifi bai taɓa noman shinkafa a fadamar Haɗeja ba. Shekarar da aka zo ƙauyenmu ɗibar yara makaranta, shinkafar babanmu ta fara nono, janbaki kuma ya sauko mata kamar hayaƙi. Aka kai yayyena maza aji, ni aka ɗora ni kan rumfar gadi, aka ba ni majajjawa da igiyar gwangwanaye, aka ce in kaka ta wuce za a duba maganata. Kaka ta wuce, wata ta zo, ba wanda ya duba. Sai da na haura arba'in na fara riƙe fensir, a ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi da wasali.

Bayan rasuwar maigidana, 'yata ta fari ta ɗauko ni zuwa Alexandria, kusa da birnin Washington. Ita aikin harhaɗa magunguna take yi, mijinta injiniya ne. Gidajen layinmu a manne suke da juna kamar taragun jirgi, kowanne da ɗan fili a baya wanda bai fi shimfiɗar tabarmi shida ba, sai shinge, sai wani ɗan rafi da itatuwa. Hausawan da muke hulɗa da su yawancinsu likitoci ne da malaman jami'a da matansu. Hajiya Babba suke ce mini. Ba wadda ta taɓa tambayata inda na yi karatu, ni kuma ban ga dalilin ba da labarin da ba a nema ba. In aka miƙo mini takardar Turanci, sai in ce na bar tabarau a sama.

Litinin da Laraba da safe ina zuwa ajin Turanci na manya a laburaren unguwa. Na ja wa 'yata kunne tun ranar farko. Na ce duk wadda ta bugo waya ba ta same ni ba, a ce na tafi gashin gwiwa asibiti. Gwiwar kuwa tana ciwo, don haka rabin maganar gaskiya ce.

Malamarmu wata siririyar Baturiya ce da ta gama aikin gwamnati a cikin Washington ta yi ritaya. Wata safiya, bayan ƙanƙara ta narke itatuwa sun fara toho, ta shigo aji fuskarta kamar an yi mata albishir, tana cewa sun dawo, sun dawo. Na ɗauka 'ya'yanta ne suka zo daga tafiya, har na shirya yi mata barka. Ashe tsuntsaye take nufi. Ta ce kowa ya zauna bakin tagarsa ya duba abin da ke yawo a bayan gida, ya rubuto waƙa ko da layi huɗu ne.

Na ɗaga hannu. Da ɗan Turancina na ce mata a garinmu ba a yi wa ɓarawo maraba. Ta yi dariya har da riƙe tebur, ta ce to in rubuta haka ɗin, kuma in Turanci ya ƙi, in yi da harshena.

Na dawo gida ina faɗa ni kaɗai. Amma aikin makaranta ba ya kwana a hannuna, na sha wuya kafin na same shi. Da gari ya waye na jawo kujera bakin ƙofar baya da niyyar zagi. Na farkon da ya zo wani mai jan ƙirji ne, ya yi taku uku ya tsaya ya karkace kai, ya finciko tana daga ƙasa kamar mai zare tsawon zare daga bakin zane. Na ba shi nasa:

Mai jan ƙirji, sannu da dawowa,
Da sanyi ya matsa kai ka fara guduwa,
Yanzu ka ga ciyawa tana tohowa,
Ka zo kana taku kamar mai unguwa.

Na karanta na sake karantawa. Washegari na sake fitowa. Na yi wa kurege tasa. Kuregen ƙasar nan ba irin namu ba ne, a kan itace yake kwana, ga ƙiba ga rashin kunya, yana tone mini irin alayyahu yana kallon idona. Na yi wa zomon da ke shigowa ta ƙarƙashin shinge, na yi wa barewar da ta tsaya a bakin rafi da ɗanta ba wanda ya ɗauko mata bindiga. Akwai wani tsuntsu ja wur mai tukku, shi na rasa abin da zan zage shi da shi, domin na gan shi da idona cikin ƙanƙara bai gudu ko'ina ba. Sai na yi masa kirari.

Abin da na gano shi ne ba a iya zagin abu da kyau sai an dube shi da kyau. Shekarun da na yi a kan rumfa ban taɓa ganin tsuntsu ɗaya ba, gajimare kawai nake gani mai baki dubu. Sai ga ni da furfura ina lura da yadda uwa ke tura abinci a maƙogwaron ɗanta. Malama ta sa na karanta a aji da Hausa, ba wanda ya ji ko kalma, amma suka tafa. 'Yata ma ta tsinci wata takarda a kicin ta karanta, ta zo tana murmushi. Na ce ta rufe bakinta. Mace mai jikoki, wadda ta je Makka ta dawo, a ce tana tsara waƙa kamar zabiya? Abin ɓoyona ya zama biyu ke nan.

Ƙaramar Salla ta faɗo tsakiyar mako a shekarar, sai surukina ya ce a taru a gidanmu ranar Lahadi. Aka fito da tebura bayan gida, aka jera dambun shinkafa da waina da naman kaji. Na sa leshina mai ruwan zuma, na zauna a kujerar da ta fi kowace kyau, mata na zuwa suna durƙusawa. Da la'asar ta yi maza suka yi sahu a gefen shinge, mata suka shiga ciki alwala, aka bar farantan abinci a buɗe. Ni ina da alwalata, ina jira su fito mu yi tare.

Sai ga su. Wasu baƙaƙen tsuntsaye ne masu ƙyallin wuya da farin ido, a garke suke yawo farkon bazarar ƙasar nan. Suka taso daga itatuwan rafi gaba ɗaya, na ji wannan ƙarar fukafukan, fuuu, suka sauka kan dambu.

Wallahi ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na tsinci kaina a tsaye ba takalmi, murfin tukunya a hannun hagu, ludayi a dama, ina bugawa ina gudu, kuma ihun nan na fita daga cibiyata, wanda ake yi don a ji shi a ɗaya gefen fadama: "Hooo-ya! Caa! Caa! Hooo-ya, 'yan banza!" Tsuntsaye suka tashi. Karen maƙwabta ya kama haushi. Reshen itacen da ke tsakar filin ya fizge mini ɗankwali, ya rataye shi sama. Na juyo, sai ga maza sun sallame salla, surukina a sahun gaba, abokansa a bayansa, duk suna kallon furfurata a waje. Shi ya yi maza ya sunkuyar da kai. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Mata suka fito da gudu. Da suka gane ba gobara ba ce, dariya ta ɓarke.

"Kai, Hajiya Babba!" in ji wata likitar yara. "Wannan murya ai ko lasifikar masallaci albarka."

"Ashe Hajiya tsohuwar ma'aikaciya ce ba mu sani ba," wata ta ce. "Ranki ya daɗe, a wace ma'aikata aka yi wannan kwas ɗin?"

'Yata ta zo da mayafinta ta rufe mini kai. Ta ga fuskata, ta so ta cece ni, sai ta tura ni rijiya. Ta ce, "Ku bar ganin haka, Inna fa son tsuntsayen nan take yi. Waƙoƙi take rubuta musu. Malamarsu ma cewa ta yi duk ajin ba kamarta."

"Malamarsu?" in ji likitar. "A wajen gashin gwiwar?"

Na ga suna haɗa lissafi a fuskokinsu, tabarau ɗin da kullum ke sama, gwiwar Litinin da Laraba. Sannan suka sauya murya, suka koma irin wadda ake yi wa yaron da ya fara tatata. Ma sha Allah Hajiya, ai ilmi ba ya tsufa. Allah ya ƙara basira. Wata har da tafi, tana cewa in rera musu ɗaya mana a sha Salla. Dariyar ta fi mini wannan sauƙi sau goma. Na bar takalmana a wurin na shige kicin.

Akwai wata mata 'yar Nijar da ke zuwa tarukanmu, tsarata ce, ɗanta direban tasi ne, ita kuma tana sayar da turaren wuta da atamfa a ɗakinta a Landover. Ban taɓa sakar mata fuska ba. Ba ta yi mini komai ba, dugaduganta ne kawai na gani da faso irin nawa, na san in muka zauna kusa za ta shinshino ni. Ita ce ta biyo ni, ta tarar ina wanke kwanon da ba shi da datti.

"Hajiya," ta ce, "wace fadama ce taki?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Ni a bakin gulbin Maraɗi na yi nawa. Mu dawa muka tsare. Da kinka yi kukan nan sai da na ji bakina ya buɗe zan amsa miki, kamar yadda muke yi daga rumfa zuwa rumfa. Na ce yau ga 'yar'uwa."

Na ce, "Ni a birni na tashi. A talabijin na gani."

Ta dube ni daga kai har ƙafafuna da ke tsaye ba takalmi. "To," ta ce, "talabijin ɗinku na da ƙarfi."

Ta ɗauki tsumma tana goge kwanukan da nake ajiyewa. Can ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Ni ban san kunyar gona ba. Wadda nike ji, jikata ta kawo takarda daga lakwal, makarantarsu ta boko, ta ce Kaka duba, in riƙe ta ina yaba hoto. Ko sunana ban iya sawa. Wannan lakwal taku, suna ɗaukar tsofaffi irina? Ɗana na ce ma ya bincika, ya ce mi zan yi da boko yanzu."

Na san amsar. Akwai wadda ta girme mu duka a ajinmu, da sanda take zuwa. Amma likitar nan ta leƙo neman cokali a daidai lokacin, sai na ji bakina ya ce, "Ban sani ba. Ki tambayi 'yata." Matar ta ninke tsumman ta ajiye, ta ce Allah ya maimaita mana, ta fita neman ɗanta.

Da baƙi suka watse, 'yata ta same ni a ɗaki. Ta ce, "Inna, ni fa alfahari nake yi da ke."

Na ce, "Alfaharin ne ya sa kika kwance mini zane a kasuwa?"

Ta ce ai ba sata na yi ba. Na ce ta fita ta ja mini ƙofa. Ta fita tana share ido, ni kuma na zauna ina jiran fushina ya yi mini daɗi kamar yadda ya saba, ya ƙi. In na tuno ɗankwalina a reshe sai in ji zafi a fuska. In na tuno tafin matar nan sai in ji kamar in haɗa kayana. Amma duk inda na juya, wurin da tunanina ke komawa shi ne tsumman nan da aka ninke aka ajiye. Likitoci sun riga sun sani, ba abin da ya rage in tsare. Mutum ɗaya ce a gidan nan ta ji ihuna ta gane shi, ta zo ta buɗe mini nata cikin, ni kuma na rufe mata ƙofa don wata mai neman cokali. Ba wanda ya ɗora ta kan rumfa ranar nan sai ni.

Washegari Litinin. Na yi wanka na shirya tun kafin lokacin aji da nisa, na sa fensir biyu a jaka. Surukina yana zaune a falo yana shan shayi kafin ya fita aiki. Tun da na zo gidan nan, in ina da magana da shi ta bakin 'yata take bi. Na tsaya a bakin ƙofa, na kau da fuskata gefe, na gaishe shi. Ya miƙe da sauri har shayin ya zuba.

Na ce, "Malam, wane jirgin ƙasa ake shiga zuwa Landover, kuma a ina ake sauyawa? Faɗa mini a hankali, zan rubuta da kaina."