Ranar da Injin Ya Ƙi Mutuwa a Hanyar Kalgo

A shekarun da fetur ya yi wuya har motoci ke kwana a layin gidan mai, ni mace ce da ba ta daɗe da fita takaba ba, ina zaune a Gwandu da 'ya'yana. Mu asalinmu Fulanin gefen gari ne da suka zauna suka kama noma. Ina da zafin nama, ina da baki, kuma abin da na fi ƙi a duniya shi ne a yi mini dariya. Da aka raba gado sai na sayar da shanun da suka zo hannunmu, na sa aka kawo mini a-kori-kura daga Kwatano, mai shan gas, domin gas bai yi wuyar fetur ba a lokacin. Injinta yana da wani ƙarfe mai kama da katantanwa da ake kira turbo, wanda aka ce shi ke hura masa iska ya ƙara ƙarfi. Ɗana na fari ne ke tuƙa ta, yana jigilar shinkafa da albasa da 'yan kasuwa tsakanin Gwandu da Kalgo.

Dole in faɗi yadda nake da yaron nan, domin a nan ne ɓarnar ta samo tushe. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka na ga uwata ta yi, ni kuma na ɗora har na fi ta. Idan ina da magana sai in ce wa ƙanwarsa ta gaya wa yayanta kaza, ko da yana tsaye a tsakar gida yana jina. Shi ma ta bakinta yake mayar da amsa. Mutane suna yaba kunyata, ni kuwa ina jin daɗin yabon.

Motar tana da lafiya, amma in an loda ta ba ta da sauri. Sai na fara jin direbobin tasha sun laƙaba mata suna, wai tsohuwa mai sanda, har matan unguwa suna tambayata ya jikin tsohuwa. Abin ya tsaya mini a wuya. A nan ne wata maƙwabciyata ta ba ni labarin wani bakanike a Kalgo, wanda ya zauna a kudu, wai in ya taɓa famfon da ke ba inji mai, mota sai ta koma kamar ta tashi sama. Bakaniken da ke duba mana ita a Gwandu ya riga ya ce shi ba zai tsinke wayar da masu ƙera motar suka ɗaure famfon da ita ba. Na ce tsoro ne da rashin iyawa. Ban tambayi labarin motocin da na Kalgo ya taɓa ba, ban nemi sanin inda suka ƙare ba. Na aika a gaya wa yaron ya kai masa motar.

Amsar da ƙanwarsa ta kawo mini ita ce wai yaya ya ce da an ɗan dakata. Sai bayan shekaru ta gaya mini ainihin abin da ya faɗa. Ya ce turbon ya riga ya fara tsiyayar baƙin mai, in aka matsa masa zai iya kashe mutum, kuma shi yana jin tsoro. Ita kuwa ta san halina, ta ga ba za ta iya kawo mini kalmar tsoro ba, sai ta sassauta maganar. Na ce ta koma ta tambaye shi ko shi ya sayar da shanunsa ya sayi motar. Washegari ya kai ta. Bakaniken Kalgo ya tsinke wayar, ya buɗe famfon, ya ɗaure wani abu a jikin turbon don iskar ta ƙaru, har matatar iska ya cire ya yar, wai tana shaƙe injin. Motar ta dawo tana fito kamar shaho, tana barin baƙin hayaƙi a baya. 'Yan tasha suka yi shiru, ni kuwa har tafiyata ta sake.

Ba a jima ba aka yi mana rasuwa a Dangoma, na shiga gaban motar zan je gaisuwa. Bayanta cike da buhuna, da mata 'yan kasuwa zaune a kai. Mun wuce Birnin Kebbi, mun kusa Kalgo, sai na ji kukan injin ya sauya. Ya fara hawa, yana ta hawa, alhali ina ganin ƙafar yaron ba ta kan totur. Na saci kallon fuskarsa na ga gumi yana tsattsafowa. Ya taka kuloci da birki ya gangara gefen titi, ya murɗa makulli ya zare shi, ya jefa mini a cinya. Wallahi makullin yana hannuna, injin kuwa yana ihu fiye da da. Duk jikin motar yana kaɗawa, haƙorana suna haɗuwa. Farin hayaƙi ya rufe mu har ban iya ganin titi. Matan baya suna salati suna dirowa, wata tana ihu wai aljanu sun shiga injin, ni ma a lokacin abin da na ɗauka ke nan. Daga baya aka fahimtar da ni cewa turbon ne ya fashe ta ciki, injin ya koma shan baƙin mansa, kuma irin wannan ba ya jin makulli sai ya ƙone ko ya tarwatse.

Yaron ya sa babbar giya ya saki kuloci don ya kashe shi da ƙarfi. Sai warin ƙuna ya tashi, motar ta yi tsalle, injin ko gezau bai yi ba. Ya zagayo ya buɗe mini ƙofa, na fita da rarrafe. Kowa ya gudu cikin gonaki, mu biyu muka rage kusa da ita. A nan ne ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Na san abin da yake jira. In ce masa ya bar ta, ya zo mu gudu. Na buɗe baki, amma harshen da bai saba yi masa magana ba ya ƙi motsi. Kuma tun da na ɗauki niyyar faɗin gaskiya, bari in faɗa duka: a cikin wannan firgicin akwai gefen zuciyata da ke kallon shanun ubansa suna ƙonewa. Na sunkuyar da kai kamar yadda na saba. Shi kuwa ya ɗauki shiruna a matsayin umarni.

Ya cire rigarsa ya ɗaga murfin injin, ya fisge robar iska, ya dunƙule rigar ya danna a bakin turbon don ya shaƙe shi. Ƙarfen nan ya zuƙe rigar, ya haɗa da hannunsa na dama. Injin ya yi tari ya mutu. Shirun da ya biyo baya ya fi ihun ban tsoro, domin a cikinsa ne na ji numfashin ɗana. Wata motar haya ce ta kai mu asibiti, kansa yana kan cinyata, jini ya jiƙa mini zane, ina jin jikinsa yana sanyi ina roƙon Allah ya ɗauke ni a madadinsa. Allah ya bar mini shi, amma yatsun ba su tsira ba, babban yatsa kaɗai ya rage.

Ban ɗora wa ƙanwarsa laifi ba, ni na koya mata jin tsorona. Na gane da latti cewa zuwa da kai ya fi aike. Ku masu motoci, duk wanda ya yi muku alkawarin ƙarfin da masu ƙera inji ba su ba shi ba, ku je ku ga motocin da ya taɓa kafin ku miƙa taku, kuma ku saurari wanda ke zama bayan sitiyari, domin shi zai biya. Ku kuma 'yan'uwana mata, kunya ado ce, amma kada ta kai ku inda ɗanku zai ji tsoro ya rasa hanyar gaya muku. Yau ɗana magidanci ne, yana sayar da hatsi a kasuwa, kuma bai taɓa tayar da maganar ba ko da wasa. Amma duk ranar da na hango shi a zaure ya juya wa baƙi baya yana cin tuwo da hannun hagu, sai in ture nawa kwanon.