Daminar da Matata Ta Ɗauke Ni Ƙwadago

Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ba na jin zai kwashe daminar da matata ta ɗauke ni ƙwadago a gonata ta gado. In na ba da labarin a majalisa dariya ake fara yi, ni ma ina taya su, amma abin ya wuce dariya.

A ƙauyenmu na ƙasar Bagwai, inda gona take jingine da gona, an san ni da noma. Ba yabon kai ba, in na sa fartanya a kunya sai matasa sun yi da gaske kafin su kamo ni. Shi ya sa da shuka ta fito masu hali suke rububina. Amma je ka ga tawa gonar ka sha mamaki. Rumbuna tun cikin bazara yake ƙarewa, don haka kullum sai na yi wa wani noma sannan a auno abin ɗora tukunya. Kafin in gama da gonakin mutane in waiwayi tawa, ciyawa ta shaƙe geron, ya yi ja ya tsaya kamar tsintsiya. Noman farko kuwa 'yan kwanaki ne, in sun wuce sun wuce.

Da abin ya daɗe, sai gari ya yanke wa gonar hukunci cewa ta mutu, ƙasarta ta gaji. Ni ma na yarda. Wani ya yi mini tayin saye, na ce ya bar ni in gwada damina ɗaya. In ta sake ba ni kunya, da kaka ya zo da shaidu, ni kuma in tafi Kano tura kurar ruwa. A gonar nan mahaifina ya koya mini riƙon fartanya, kuma duk ranar da na tuna alkawarin sai abinci ya fita raina. Ban gaya wa matata ba, ashe labari ya riga ya iske ta.

A shekarar ne wasu masu tallafi suka bi gida-gida da mai unguwa, suna rubuta matan gidajen da ba su da ƙarfi. Suka ce ba taki za su ba da ba, ba iri ba, kuɗi ne a hannu, kowa ya yi abin da ya ga ya fi masa. Mun ɗauka irin rubutun da aka saba ne, a rubuta a tafi ke nan, sai ga saƙo ya shigo 'yar wayar matata. Ta je Bagwai ta ciro kashin farko.

Nan fa gidanmu ya cika da masu shawara. Yayarta ta ce tunkiya, ƙanena ya ce kwanon rufi, ni kuma na dage a kan taki, tunda ai gonar ce ta gaji. Kowa ta ce masa to, ba ta saki ko kwabo ba.

Wata safiya, bayan an kwana biyu da ruwa, ina shan koko fartanya tana gefena, sai ta tsuguna ta ce, "Malam, nawa ake ba ka a wuni?"

Na faɗa mata. Ta kwance bakin zani ta ajiye mini daidai su. "To na ɗauke ka kwana goma sha biyu. Ga na yau, a auno mana dawa kamar kullum."

"A gonar wa?"

"Gonar wani bawan Allah ce da ba ya zuwa gonarsa."

Raina ya ɓaci, na ture kwanon kokon. "Yanzu ni za ki mayar ɗan ƙwadago a gidana?"

Ta ce, "Shekara nawa kana yi wa na waje, ban taɓa jin ka yi fushi ba."

Na dai kwashi kuɗin na sa aljihu, sai na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Alhaji ne, babban manomin garinmu, wanda har a madatsar ruwan Watari yake noman rani. Mutumin kirki ne, kuma shi ya fi kowa ba ni aiki, ban taɓa iya ce masa a'a ba. Sai a lokacin na gane dabarar matar nan. Da kyauta kawai ta zuba mini kuɗin, wallahi kunya za ta sa in hau bayan babur ɗin. Amma a al'adarmu wanda ya karɓi kuɗin aiki ya ɗauru, ko sarki ba ya kwance shi.

Muka gaisa, ya ce in hau mu tafi. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, an riga ka."

"Wa ya riga ni a garin nan?"

Na sosa ƙeya. Sai murya ta fito daga bayan zana: "Ni ce, Alhaji. Ina kwana?"

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce zai ƙara mini a kan abin da ta bayar, na ce na riga na karɓa. Ya tayar da babur yana cewa, "Allah ya ba da sa'a, amma gonar nan taka, Malam, sai dai addu'a." Da ya tafi na damu, don ban san wa zai kira ni aiki ba in kuɗin suka ƙare a tsakiyar damina.

Na shiga gona da haushi, haushin ya zama ƙarfi. Ciyawar tana ɗanya sharaf, fartanya tana tafiya da kanta. Da rana ta kawo mini fura kamar yadda mai gona yake yi, ta bi kunyoyin tana dubawa, har da cewa, "Nan ka bar harƙiya, a wajen Alhaji ma haka kake yi?" A gaskiya ban taɓa aiki da mai gona mai tsanani irin ta ba. Na gama noman farko a kan lokaci, na rage geron da ya yi cunkoso, na shuka wake a tsakani. Da kashi na biyu na kuɗin ya zo ta sake ɗauka ta maimai, sannan ta yarda aka sayi ɗan taki da akuya. Geron nan ya yi baƙi ƙirin don lafiya, masu wucewa suna tsayawa suna tambayar irin maganin da na sa.

Da kaka mai saye ya cika alkawari, ya zo da shaidunsa biyu. Suka same ni ina ɗaurin dami, wasu dammunan jere a bakin gona suna jiran jaki. Ya dubi nan ya dubi can ya ce, "Wannan ce gonar da muka yi magana?"

Na ce, "Ita ce. Ku zauna ku sha ruwa, amma ba ta sayarwa ba ce."

Tallafin bai daɗe ba ya ƙare, kuma ba mu zama masu kuɗi ba. Sai dai hatsin shekarar ya kai mu har cikin damina ta gaba, na sake nome tawa da fari, daga nan abin ya ɗore. Har yau ina yin ƙwadago, Alhaji ma yana kirana, amma ya san sai na gama da tawa.

Abin da na koya shi ne, talauci ba hatsi kaɗai yake cinye wa mutum ba, har da kwanakinsa. Kuma wanda yake cikin gida ya fi mai kallo sanin inda rufi yake yoyo, in dai an sa masa abin gyara a hannu aka ƙyale shi. Da buhun taki aka ba mu, da ciyawa na zuba wa. Shekaru ina zargin ƙasar mahaifina da gajiya, ashe ba taki ta rasa ba, ni ta rasa.