Ɗakin Bayan Coci a Kokomlemle

"Ka shiga ko ba ka shiga ba?" Kawu ya sake tambayata.

Ina tsugune a tsakar gida, Mma tana zaune kan turmi tana share ido da bakin mayafi. Maƙwabta kuwa kowa ya samo abin wankewa a bakin famfo. Gidanmu na Nima haka yake, ɗaki jikin ɗaki, ko tari ka yi an ji.

"Na shiga, Kawu."

Mma ta saki salati.

Wata mai sayar da atamfa ce a lungunmu ta je kai kaya Kokomlemle, ta hango ni ina shiga harabar coci. Ta bi ni, ta leƙa ta taga. Ta gan ni na riƙe hannun wani ƙato a dama, wata mata a hagu, ido a rufe. Kafin in dawo gida labari ya riga ni, wai na bar Musulunci. Abin haushin, duk abin da ta ce ta gani haka aka yi.

Ni giya ce ta kai ni can. Da na bar makaranta na koma bin trotro, motar haya, ina kiran fasinja, direbana yakan aike ni sayo akpeteshie, wannan mai ƙona maƙogwaro. Da ɗanɗano na fara. Ranar da na faɗa gota, kwatar bakin titi, na fasa haɓa, nas ɗin da ta ɗinke ni ta ce akwai masu irin matsalata da ke haɗuwa ran Alhamis, ta kwatanta mini wurin. Zuwan farko ɗakin masu koyon waƙa na faɗa, har suka tsayar da ni cikin masu babbar murya. Daga baya mai gadi ya nuna mini wani aji a can baya, manya zaune kan kujerun yara, gwiwa har ƙirji.

Har yau ban gane abin ba sosai. Ba likita, ba magani, ba mai wa'azi. Kowa ya faɗi nasa, a ce masa an gode, na gaba ya ɗauka. Rabin Turancin ma wuce ni yake, wani tsohon makaniki ɗan arewa mai jin Hausa shi ke raɗa mini fassara. Amma tun da na fara zuwa ban sha ba. Dalili kuma kar a tambaye ni.

"Mace ce ta ja ka?" in ji Kawu. "Faɗa mini gaskiya."

Na rasa wanne ya fi muni a kunnensu, barin addini ko giya.

"Giya nake sha, Kawu. Taron masu son dainawa ne. Aron ɗakin kawai suke yi."

Famfo ma sai da aka kashe. Na sunkuyar da kai ina jiran mari.

"Giya?" Kawu ya ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Yaya, kin ji? Giya ce kawai!"

Mma ta fyace hanci. "Wannan ai tun bara muka sani. Kai a ganinka kanumfarin da kake taunawa yana ɓoye wari?"

Wani daga bakin famfo ya ƙyalƙyale da dariya. Ni da nake zagayawa ta unguwar Maamobi don kar in haɗu da kowa, ashe har yaran gida sun sani. Ban san ko in ji sanyi ko in nutse ba.

Kawu ya gyara hula. "Gobe zan kai ka wurin malam ya yi maka rubutu. Amma ƙafarka kar ta ƙara taka wurin nan."

"Kawu, ba addini ake yi ba."

"To riƙe hannun da rufe idon fa? Ƙwallo kuke bugawa?"

Ni kaina a lokacin nan Fatiha nake karantawa a zuci, amma wa zai yarda?

Mma ta kamo hannuna. "Ka rufa mini asiri, ɗan nan. Ko suna na je, baya ake juya mini. Ka ce ba za ka koma ba."

Na ce to.

Rubutun na sha, kuma da imani na sha. Amma da Alhamis ta zagayo, bayan la'asar, lokacin da na saba hawa mota zuwa can, sai na rasa inda zan sa kaina. Na zauna wurin abokai ana dafa shayin ataya, na tashi. Na je bakin titi, na dawo. Ban ankara ba sai ga ni gaban shuɗin kiyos ɗin da nake sayen giya, mai wurin har ta ɗauko ƙaramin kofi tana murmushi.

Na ciro waya na yi wa makanikin saƙon murya:

"Baba, ina wuni. Yaron Nima ne. An gan ni a can, gida sun hana ni zuwa, na kuma ce wa tsohuwata to. Yanzu ga ni gaban kiyos, ban shiga ba, amma ƙafata ta ƙi tafiya. Ban sani ba, mutum biyu ma taro ne? In haka ne zan zo garejinka idan kun tashi. Don Allah ka kira ni, ina nan tsaye."