Jaket ɗin da na ɗinke wa Dooley

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina kan keken ɗinki Maureen ta kira ni. Ta ce, "Noelene, mijina ya tafi." Warwick Doolan, wanda muke kira Dooley, mawaƙin ƙungiyar Tin Galahs ta nan birnin Brisbane, ya rasu yana da shekara sittin da tara, bayan doguwar jinyar ciwon huhu. Na kashe keken na zauna, ban iya taɓa komai ba har yamma.

Dooley, ni ban yi karatu mai zurfi ba. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Shekara arba'in da bakwai kana waƙar punk, salon waƙar tawaye mai ƙara da sauri, har yau ban gane inda muryar nan take ɓuya a jikinka ba. Kai ɗan siriri ne, mai kunya, ko shayi za ka nema sai ka ba da haƙuri. Amma da ka hau dandamali, sai a ji kamar iska tana yaye kwanon rufi. Waƙa ba ta wuce minti biyu, ka yi ta kan mayankar da babanka ya ƙarar da ƙarfinsa a cikinta, ka yi ta kan bas ɗin da ba ya zuwa unguwarmu ta Inala. Idan wani ya faɗi cikin turereniyar rawa, hannu ɗaya kake ɗagawa, kiɗa ya tsaya cak sai an tashe shi. Na ga kakanni da jikokinsu masu koren gashi suna rera baitinka baki ɗaya.

A 1978 ina 'yar shekara sha takwas, ina ɗinkin labule a masana'anta, ba ni da ƙawa ko ɗaya. Wasanku na ranar Lahadi da rana shi ne kaɗai inda nake so a karɓe ni, amma kullum a bakin ƙofa nake tsayawa. Wata Lahadi ka manta jaket ɗinka kan kujera. Duk ya yayyage, an riƙe shi da fil sun fi talatin. Tausayi ya kama ni, na ce talauci ne. Na kai shi gida, na cire fil ɗin, na kwana uku ina ɗinke kowace ɓaraka, na wanke, na goge. Ban san wata guda ka yi kana yaga shi da reza ba, har da jan sa a bayan mota, don yagaggun kaya su ne adon 'yan punk.

Da na miƙa maka a gaban mutane, Stav mai ganga ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wayyo, ta kashe shi! Dooley, ga kayan neman aikin banki sun iso!"

Nan na gane abin da na yi. Na dubi ƙofa. Da na fita ranar, ba zan sake dawowa ba.

Ka juya jaket ɗin, ka bi ɗinkin da yatsa. Ka ce, "Da hannu kika yi nan?" Na gyaɗa kai. Ka ce, "Tun da uwata ta rasu ba wanda ya ɗinke mini ko maɓalli." Ka saka shi ka hau dandamali.

Zauren ya ɗauki ihu. "Ango!" "Coci za ka, malam?"

Ka jira suka gaji, sannan ka ce, "Ku dube ku, kowa da yagewa iri ɗaya kamar 'yan makaranta. Noelene ce ta ɗinka, ga ta can. Wanda abin bai yi masa ba, ƙofa a buɗe take."

Ba wanda ya fita. Wata yarinya ta kamo hannuna ta ja ni har gaba. A wurin na samu ƙawayen da suka riƙe ni tsawon rayuwa, a wurin na haɗu da mijina. Ban taɓa gode maka da baki ba, kunya ta hana ni. Na gode, Dooley.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa. Maureen, da 'yarku Siobhan, da Stav, Allah ya ba ku haƙuri. Mu da muka saba tsayuwa a gaban dandamali, ya ba mu ikon jure shirun.

Noelene Fenech, Inala