Fankar da na ɗaura a juye

Tsufa yana ta kwashe mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Sunayen abokai sun tafi, hanyoyin da na bi da ƙuruciya sun fara ruɗe mini. Amma akwai wani yammaci guda da na tabbata ba zai bar ni ba, sai dai a rufe mu tare. Har yau in na ji ƙugin fanka a cikin rufaffen ɗaki sai gabana ya faɗi.

A lokacin ba a yanke Kabi daga jihar Sakkwato ba. Ina zaune a Jega ina gyaran wuta. Karatuna bai wuce firamare ba, sana'ar kuwa a hannun wani Bayarabe na koye ta, mutum mai faɗa amma mai gaskiya. Yana da wata al'ada da muke yi wa dariya a bayan idonsa. Duk fankar da ya ɗaura ba ya barin wurin sai ya kunna ta, ya riƙe tsumma a gabanta, ya ga inda iska ta kaɗa shi. Yakan ce kunne yana ƙarya, tsumma ba ya yi. Da na samu 'yancin kaina na buɗe rumfata, sai na ga ai na wuce wannan. Ƙuruciya ke nan.

Wani ɗan kasuwa mutumin Maiyama ya gina masauki a bakin gari, kan hanyar Aliero, inda fatake da ma'aikatan gwamnati suke sauka. Madafar gidan irin ta zamani ce. A saman murhu an kifa wani murfin ƙarfe kamar ƙaton mazurari, bututu ya tashi daga jikinsa ya huda bango, a cikin bututun kuma akwai fanka mai zuƙe hayaƙi ta watsa shi waje. An sa raga a bakin bututun saboda tsuntsaye. Don gas aka yi wurin, amma gas sai an je Sakkwato, shi ya sa gawayi ake hurawa a ƙarƙashin murfin.

Mai dafa abincin gidan wata Badakkariya ce daga ƙasar Zuru, Kirista, mijinta soja ne ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Kowa Mama yake ce mata. Ni kuwa mahaifina Bazamfare ne, kuma an san wasan da ke tsakanin Zamfarawa da Dakarkari tun kaka da kakanni. Ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da mun yi wa juna tsiya ba. Ta ce ni bawanta ne, in ce ita ce baiwata, mutanen gidan su yi ta dariya. A bayan tsiyar nan kuwa ba ta taɓa barina na fita da yunwa ba.

Maiƙo da baƙin hayaƙi suka taru suka ƙone injin fankar. Tun daga nan Mama ta koma girki a waje, gindin dogonyaro, tana fama da iska da awaki. Maigidan ya sa aka sayo sabon inji, aka aiko in zo in sa. Ranar kuwa ana dambe a Aliero, irin wanda ake yi bayan an gama kwasar albasa, kuma na riga na yi alkawari da wani abokina mai babur zai ɗauke ni.

Ina shiga ta ce, “Ga bawana ya zaka. Hau ka gyara ma uwargijiyarka, damina ta matso, ba ni iya girki cikin ruwa.”

Na ce, “Baiwa ba ta aike. Ki dai aje min tuwona da nama biyu.”

Na hau tebur, na kwance murfin, na zaro tsohon injin yana ɗigar baƙin mai har gwiwar hannuna. Na cire farfela na wanke ta da kananzir, na sa ta jikin sabon. Matsalar ita ce launin wayoyin sabon injin ya bambanta da na tsohon, kuma irin wannan inji in ka sauya wayoyi biyu a wurin kwandansa, wato ɗan gwangwanin da ke tada injin, juyawa zai yi ta baya. Ƙararsa ɗaya ce, gudunsa ɗaya ne, sai dai maimakon ya fitar da iska, shigo da ita zai yi. Na san haka sarai. Na dubi wayoyin na yi kirdado, na haɗa, na naɗe da salatif. Na kai hannu zan kunna ke nan aka ɗauke wuta.

Abokina yana ta matsa ham a waje. Na fara tattara kayan aiki.

Mama ta ce, “Kai Bazamfare, ba ka gwada ba za ka tahi? Zauna a maido wuta.”

Na ce, “Aikina ba ya son gwaji. In an kawo wuta ki danna nan, ko shi ma sai na koya miki?”

Ta jefe ni da ludayi, na kauce ina dariya, na fita. Maganarta gaskiya ce, amma da yake a bakin abokiyar wasa ta fito, sai na ɗauke ta wasa.

A Aliero ba a yi nisa da damben ba hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, hadarin farko na shekara. Makaɗa suka rungume kalangansu, taro ya watse. Na yi ta jin haushi, ban san rahama ce Allah ya yi mini ba. Muka fake a wata rumfar albasa har iskar ta lafa, ruwan ya koma yayyafi, sannan muka kamo hanyar Jega wajen la'asar sakaliya.

Da muka zo daidai masaukin na ga ƙwan fitila yana ci a ƙofar gida, na san an maido wuta. Na ce wa abokina ya sauke ni in karɓi tuwona, shi ya wuce. Na zagaya ta bayan madafa, ina jin fankar tana ƙugi lafiya lau, har na fara yi wa kaina kirari a zuci. Sai na ɗaga kai na dubi bakin bututun.

Ragar ta toshe. Ganyen dogonyaro da ciyayi da iska ta kwaso sun manne mata, da wani farin gashin kaza a tsakiya, ya lafe kamar an liƙa shi da ƙaro. Iska ta riga ta tsaya, amma ko ganye ɗaya bai faɗo ba. Fankar da ke fitar da iska ture ganye take yi. Wannan riƙe shi take yi.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Kamar an zuba mini ruwan randa daga ƙeya har dugadugai. Na dubi gindin dogonyaro, babu tukwane. Na dubi tagogin madafa, duka a rufe, har an cusa tsumma a ƙarƙashinsu saboda feshin ruwa. Ƙofar ƙarfe a rufe. Wato ta ji fanka tana aiki, ta yarda da ita, ta kwashe gawayinta ta shiga ciki ta sa sakata. Kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da gawayi yake yi a rufaffen ɗaki. Ba ya hayaƙi balle ka yi tari ka gudu. Barci yake sa ka, barcin da ba a tashi.

Na daki ƙofar da hannu biyu. “Mama! Mama, buɗe!” Shiru, sai ƙugin fanka. Na sa hanci a tsagar ƙofa, ƙaurin miyar da ta kama ya buge ni. Mama ba ta taɓa ƙona miya ba.

Na ruga wurin maigadi, wani dattijo da ke zaune a zaure yana gyaran tocila. Na ce, “Baba, taso, Mama za ta mutu! Taso mu ɓalle ƙohwa!”

Ya dube ni ya yi murmushi. “Kun hwara ke nan. Jiya ita ta ce kai ka mutu an kai ka.”

“Wallahi ba wasa nike ba!”

“Kullum haka kuke cewa. Ta hana ka tuwo ne, ɗana. Yi haƙuri ta huce.”

Wannan ita ce dariyar da ta fi kowace ban tsoro a rayuwata. Shekaru muna kiran mutuwa a kan juna don mutane su yi dariya, yau ga ta ta zo da gaske, kuma babu mai yarda da ni. Na cafki rigarsa na ja shi har tocilar ta faɗi ta tarwatse. Sai da ya ga hawaye a fuskata sannan murmushin ya ɓace.

Na fara kashe babban makunnin gidan, fankar ta yi shiru, ganyen nan suka zubo ƙasa. Muka sa kafaɗa a ƙofa, ko gezau. Tagogi kuma da sandunan ƙarfe. Na leƙa ta wata 'yar huda a jikin katakon taga, na hango garwashi jajir, na hango ƙafarta guda a ƙasa, takalmin ya fita. Ba ta motsi.

Na fita titi da gudu na tsaya a tsakiyar hanya. Wata a-kori-kura ce ta taho daga Aliero shaƙe da buhunan albasa, direban ya taka burki yana zagina. Ban tsaya bayani ba, na ce ya ba ni ƙarfen cire taya, rai ne. Allah ya saka wa mutumin nan, ya diro ya biyo ni. Muka cusa ƙarfen a tsakanin ƙofa da bango, mu uku muka danna, sakatar ta yi ƙara ta tsinke.

Zafin da ya fito ya yi kama da na bakin tanda. Na riƙe numfashi na shiga. Tana kwance a gefen tebur, muciya a hannunta. Na kama ta ta hammata, direban ya kama ƙafafu, kafin mu kai ƙofa ni ma kaina ya fara sarawa. Muka shimfiɗe ta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Jikinta ya saki kamar tsumma. Maigadi yana salati, direban ya fasa albasa da dunƙulen hannu yana kanga mata a hanci, ni kuwa ina yi mata fifita da faifai ina kiran “Mama, Mama,” ina cewa a raina, ya Allah in za ka ɗauka ka ɗauke ni, 'ya'yanta marayu ne.

Ban san tsawon lokacin ba. Sai ƙirjinta ya ɗaga, ta ja wani numfashi mai ƙara, ta yi amai. Muka ɗora ta a kan buhunan albasa muka nufi asibiti, ina riƙe da kanta kada ya bugu.

Sai washegari ta gane mutane. Maigidan ya zo daga Maiyama yana faɗa, yana cewa injin banza aka sayar masa. Na ce masa injin lafiyarsa lau, ni na haɗa waya a juye na tafi kallon dambe. Daga ranar bai sake kirana aiki ba. Daidai ne.

Da aka bar ni na shiga wurinta, na durƙusa a gefen gado na kasa ɗaga kai. Can ta ce da wata murya ƙasa-ƙasa, “Bazamfare, haka ake yi? Bawa ya kashe uwargijiya don ya gaji tukunya?”

Matan da ke ɗakin suka yi dariya. Ni kuka na fashe da shi.

Ta sa hannu ta yage gefen ɗankwalinta, ta miƙo mini. “Je ka gyara abin da ka ɓata. Wanga karon ka gwada.”

Na je na sauya wayoyin nan biyu. Aikin bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Na kunna, na riƙe ƙyallen a ƙarƙashin murfin, na ga ya miƙe sama yana rawa. Abin da na kasa jira ke nan.

Mama ta tashi, amma ba ta koma yadda take ba. Ciwon kai ya riƙa kama ta, ga mantuwa. Ta sa gishiri ta manta ta sake sawa. Mace mai alfahari da girkinta ba ta jure a dawo mata da kwano ba. Kafin kaka ta tattara 'ya'yanta ta koma Zuru. Na raka ta tasha ina ɗauke da kayanta, har mota ta tashi tana ce wa fasinjoji su duba bawan da ta bari a Jega. Ban sake ganinta ba.

Na yi shekaru masu yawa ina sana'ar nan bayan haka, kuma ƙyallen ɗankwalin yana ɗaure a hannun akwatin aikina har ya koɗe ya zama zare. Abin da na koya shi ne, aikin da ka bari rabi ya fi wanda ba ka taɓa ba haɗari. Lokacin da fankar take a mace, Mama tana waje tana shan iska. Gyarana ne ya sa ta rufe ƙofa. Duk wanda ya ce maka ya gama, ka ɗora ranka a kan maganarsa ne. Saboda haka in kai ne mai cewa an gama, zauna a maido wuta. Kuma in gaskiya ta zo maka a bakin abokin wasa, ka yi dariyar, amma ka ji ta.