Kamu Ɗaya da Ɗani

Ban taɓa riƙe tef ɗin awo ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Teloli su rataya shi a wuya kamar laya su yi ta kallon lambobi, ni da nawa aka haife ni. Daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya, kamu ɗaya ke nan. In ka buɗe tafi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ɗani. Abin da ya saura sai a jera yatsu. Da wannan na yi wa matan Kawo ɗinki tun ba a yi gadar sama ba, kuma ba a taɓa dawo min da riga an ce ta yi kaɗan ba. Wanda ya ce an taɓa, ya zo ya faɗa a gabana.

Keken nawa na hannu ne, baƙi, irin wanda ake ajiyewa a kan tabarma a miƙe ƙafa ana juyawa. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo min shi a bayan motar itacen da yake tuƙawa, ba da daɗewa da tasowarmu daga ƙasar Katsina ba. Saƙa kuwa wata maƙwabciya ce ta koya min, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, 'yar wajen Jos. Hausarta a karkace take, amma in ta kama kwarashi sai ka tsaya kallo. Na koya mata tuwon dawa marar gudaji, ta koya min hular jariri da safa da shawul. Ban ce ta cuce ni ba, amma ni na fi ta riba, don har suka tashi tuwonta bai daina gudaji ba.

Da tafiya ta yi tafiya sai yayi ya bar ni a baya. 'Yan mata suka koma wurin masu keken lantarki, a matse riga kamar an ɗaure bakin buhu, a bi ta da duwatsu masu ƙyalli. Ni dai na tsaya a kan abin da na iya: wuya mai faɗi da saƙa a bakinsa, hannu mai tattara da ke tashi a kafaɗa, jiki sakakke yadda mace za ta sunkuya ta yi shara ba ta riƙe numfashi ba. Tsofaffi irina suka rage min, sai hulunan jarirai, don su jarirai ba ruwansu da yayi.

A cikin jikokina akwai takwarata, ɗiyar ɗana da ke zaune a Rigasa. Sunana aka sa mata, shi ya sa har yau uwarta ba ta iya buɗe baki ta kira ta da shi. Ni takwara nake ce mata. Ita kuwa in tana neman faɗa ta ce min tsohuwa, in tana neman wani abu ta ce Kaka. A gindin kekena ta yi wayo. Ni na koya mata kamu da ɗani, ta bi gida tana aunawa: ta auna turmi, ta auna kyanwa, ta auna kakanta yana barcin rana ta zo ta faɗa min kamu nawa ne. Daga baya ta ɗebo dangin uwarta, mutanen Zamfara, ta yi ta miƙewa kamar dawa a damina, har sai na ɗaga kai nake yi mata faɗa.

Tana can Kudu wurin bautar ƙasa aka sa ranar aurenta da wani yaro ɗan Rigachikun da ita ta kawo shi gida. Ran nan waya ta yi ƙara, na ɗauka, na ji an ce, "Kaka." Na ce to, yau kuma me ake so? Ashe hoton nan da ke bangon ɗakina, ni da Malam muna tsaye gefen tukunyar fure a gidan hoto, ta ɗauke shi a wayarta ta nuna wa ƙawayenta, su kuma suka yi ta santin rigar da ke jikina. Wai irinta sak take so ta sa ranar kamu, ranar da dangin ango za su zo su fesa mata turare su ce sun kama amarya. Kuma wai ni zan ɗinka.

Na tuna mata cewa ita ce ta taɓa ce min kayana sai gidan tarihi. Ta ce ai yanzu tsohon yayi ake yayi. Na ce ashe dai in ka zauna wuri ɗaya duniya za ta zagayo ta same ka.

Rigar hoton ta daɗe da zama tsumma. Amma atamfar tana da 'yar'uwa a ƙasan adakata. Shekaru bayan hoton nan, lokacin da masaƙun Kakuri suka fara rufewa, Malam ya ci karo da irinta a kasuwa ya sayo min. Mutum ne da bai iya daɗin baki ba, ya dai ajiye ta a bakin gado ya ce waccan ta yi min kyau. Shuɗiya ce mai duhu da zanen ganye ruwan madara. Ɗankwali kawai na yanka a jikinta Allah ya yi masa rasuwa, daga nan na kasa kai mata almakashi. Na naɗe ta da kafur na rufe. Abin da ya rage zani ne da riga, babu rarar ko tafin hannu, kuma ko za ka zagaye Kaduna da fitila ba ka samun irinta. Ita na ciro wa takwara.

Sai batun awo. Ba za a sake ta ba sai satin biki, ni kuwa idanuna ba na gaggawa ba ne yanzu. Ta ce za ta karanto min lambobin da telanta ya rubuta, na ce ta riƙe abinta. Faɗi ban damu da shi ba, na san jikinta, kuma rigata ba ta matse kowa. Tsawo kawai nake so. Na ce ta sami igiya ta ɗora daga kafaɗa zuwa inda take so rigar ta tsaya, sannan ta auna igiyar yadda na koya mata. Ina jin ƙawayenta suna dariya, wai da wayar caja take yi. Can ta ce, "Kamu ɗaya da ɗani, Kaka, ba ƙari ba ragi."

Da hantsi na share tsakar gida, na shimfiɗa atamfar a sabuwar tabarma, na ɗora gwiwar hannuna, na buɗe tafi, na bar na kalmasa, na yi bisimilla na yanka. Ƙarar almakashin nan har cikin ƙirjina na ji ta. Na ɗinka a hankali, na tattara hannuwan har suka tashi kamar alkaki. Wuyan na bi shi da saƙar kwarashi, da ɗan ƙullin tsohon zare ruwan madara da ya rage min, ya kuwa ƙare daidai inda saƙar ta haɗe. Na goge ta da dutsen gawayi na rataye. Duk wadda ta shigo gaishe ni sai na ce ta ɗan miƙo min wani abu daga ɗaki, don dai ta gani.

Satin biki takwara ta iso, suka zo Kawo ita da uwarta. Ta shiga ɗaki ta sa, ta ɗaura zanin ta fito. Kafaɗa ta zauna, hannu ya tashi, wuya kamar a jikinta aka saƙa shi. Sai dai bakin rigar ya tsaya can sama, tsakaninsa da zani fili fetal, har ka shanya barkono. Ta ja ta ƙasa, ta saki, ta koma. Uwarta ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma, don suruka ba ta dariya a irin wannan wuri.

Na ce yarinyar nan ba ta auna daidai ba. Ta ce wallahi ta auna. Ta ɗauki bakin mayafinta ta ɗora daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta auna a gabana: kamu ɗaya da ɗani. Na sa ta tuɓe rigar na auna da kaina: kamu ɗaya da ɗani. Muka tsaya muna kallon juna, kowa da gaskiyarsa. Sai uwarta ta ce a hankali, ba ta ko ɗago ba, "Hajiya, ko za ku haɗa hannuwanku a gani?"

Muka kafa gwiwar hannu a tabarma, tawa gefen tata. Yatsunta suka wuce nawa suka yi gaba abinsu. Muka buɗe tafi, nan ma haka. Rabon da in haɗa hannu da ita tun nata bai kai rabin nawa ba.

Ta fara dariya har da riƙe ciki, sai kuma na ga dariyar ta tsaya. Ta ɗauki rigar tana shafa bakinta, idonta ya kawo ruwa, don ta san ko atamfar wa ce, ta san kuma babu wata. Ta ce ko a yanko daga zanin. Na ce zanin da da ƙyar ya zagaye ta? Uwarta ta ce ko a nemo wata atamfa mai kama da ita a yi ƙari. Na ce ba a haɗa zanen Malam da baƙon ƙyalle ina raye. Na ce su ba ni wuri, abin da almakashi ya rage kwarashi zai mayar. Zan saƙa mata baki mai faɗi irin na wuyan.

Na faɗa da ƙarfin hali ne, amma na san zaren ya ƙare. Uwarta ta shiga Kasuwar Barci ta fito, ta zo min da kala-kala. Farin ya cika fari, yana kashe ido, mai ruwan ɗorawar kuma kamar an tsoma shi a miyar taushe. Na kara kowanne da wuyan rigar, babu wanda ya yarda da shi. Ranar ko tuwo ban iya ci sosai ba.

Washegari da safe sai ga surukar tawa ita kaɗai, da wani abu a ƙunshe cikin ɗankwali. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tura min shi gabana ta ce, "Hajiya, in wannan zai yi." Na kwance. Shawul ne, wanda na saƙa na kai ranar sunan takwara, da zaren nan dai ruwan madara. Ashe ba ta naɗe ko ɗaya cikin ƙannen takwara da shi ba, ta ɓoye shi a akwati duk shekarun nan. Ni da nake cewa yarinyar nan ba ta san darajar kayan hannu ba, don ban taɓa ganin ta sa wa yara hulunana in za su unguwa ba. Sai na ce mata ta tashi daga ƙasa, ƙafarta za ta yi tsami.

Ban taɓa warware aikina ba sai ranar. Na nemo inda na ƙulle shi, na ja, ya yi ta zuwa a nannaɗe kamar taliyar yara. Na jiƙa shi, na naɗe a jikin kwalba na ajiye a inuwa har ya miƙe. Daga nan kullum in rana ta ɗaga sai in ja kujera bakin ƙofa in sa tabarau, in yi ta yi har la'asar, lokacin da ido ke ce min ya isa. Yatsuna suna ƙara kamar ana karya kara. Takwara ta gudo daga hayaniyar Rigasa da lalle a hannu, ba ta iya taɓa komai, ta zauna tana ba ni haushi. Wai tsohuwa da ta karɓi lambobin tela da yanzu tana barci. Na ce da kin tsaya tsawon mutane da yanzu kina gidan miji. Da na zo yanke faɗin saƙar ban tambaye ta komai ba. Na sa ta sa rigar ta tsaya a gabana, na saƙa har inda idona ya ce ya yi.

Ranar kamu aka zaunar da ni a kujera cikin rumfa. Ƙawaye suka fito da ita a lulluɓe, dangin ango suka yi ta roƙo ana ja musu rai, har aka yarda aka yaye mayafin. Ta miƙe tsaye. Na ga shuɗin nan da ganyensa, na ga saƙar ta sauko ta kwanta a kan zanin, sai na ji kamar in waiwaya in ga ko Malam na tsaye gefen tukunyar fure. Na gyara tabarau na ce turaren da suke fesawa ne ya shiga min ido.

Wata gwaggon ango, tsohuwa ce ita ma, ta matso ta kama bakin rigar tana murzawa. Ta ce rabonta da irin wannan ɗinki tun tana amarya, amma ba ta taɓa ganin mai saƙa a ƙasa ba, ko sabon salo ne? Amaryar da aka ce ta yi shiru ta sunkuyar da kai, sai ga shi ta ce ƙasa-ƙasa, "Hannun telar ne bai kai ba."

Na ce, "Ƙarya take, Hajiya. Kamu yana nan yadda aka san shi tun kaka da kakanni, amaryarku ce ta wuce ƙa'ida. Ku ɗauke ta haka nan, ƙarin kyauta muka ba ku."

Zaren bai ƙare duka ba. Ya rage ɗan ƙulli kamar lemon tsami, na sa shi a ƙasan adaka inda atamfar take da. Zai yi hula da safa. Na dai riga na gaya wa takwara, in Allah ya kawo mai sa su, a ɗauko min shi a kawo shi Kawo in ɗora hannuna a kansa. Ba na karɓar awo ta waya.